Tambaya da Amsa: Su suna zuba gungume a rafi don kifi, mu muna jawo shi waje

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙun da na zaɓo wannan karon guda huɗu ne kuma duk kan ruwa da kifi suke, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya tunda amsar wata tana shiga cikin ta wata. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan masunta ne daga wajen Wudil, kakana da babana duk sana'ar su suka yi, ni ma ina taɓawa in an yi hutun makaranta. Na ga wani bidiyo a Facebook jirgi mai saukar ungulu yana ɗauko manya-manyan itatuwa har da saiwoyinsu yana ajiyewa a tsakiyar wani rafi a Amurka wai don kifi ake yi. Abin ya ɗaure min kai, don mu nan in kututture ya faɗa ruwa haɗuwa ake yi a jawo shi waje saboda yana yaga taru kuma yana kifar da kwalekwale. Dan Allah gaskiya ne ko dai haɗin kwamfuta ne? Daga wani ɗalibi, Wudil.

AMSA: Ɗana gaskiya ne, ba haɗi ba ne, kuma kuɗi suke kashewa ba kaɗan ba a kan wannan aikin. Amma kafin ka ga kamar sun fi babanka wayo ka sani su ma abin da babanka ke yi shi suka yi fiye da shekara ɗari, har ma sun fi mu yi tunda su da injina suka yi. A kudancin ƙasar Amurka akwai wani kogi da ake kira Red Riba wanda gungume suka cunkushe shi tsawon fiye da kilomita 160, a 1833 gwamnati ta sa wani mutum Henri Shirib ya fara fasa shi da jiragen ruwa na musamman don a samu hanyar safara, ba a gama raba kogin da itacen nan ba sai a 1873. Can arewa maso yamma kuma, jihohin Washintan da Oregon inda kifin samon yake, tun daga shekarun 1950 har zuwa 1970 ma'aikatan kifi da kansu ne ke shiga rafuka suna kwashe itace, a ganinsu yana tare wa kifi hanya. Sai da suka share rafukan tas sannan suka lura kifin raguwa yake yi. Rafin ya zama kamar lambatu, faɗi ɗaya zurfi ɗaya gudu ɗaya, ba inda kifi zai raɓe.

Bari in nuna maka yadda abin yake da ƙafarka. In ka je bakin kogi gobe ka tsaya a inda ruwa ke gudu kan yashi, iya idon sawu, kar ka motsa. Minti ɗaya ba zai cika ba zaka ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin dugaduganka, ƙafarka na nutsewa, in ka duba bayan ƙafar kuma zaka ga ɗan tudun yashi ya taru inda ruwan ya lafa. To shikenan ilimin gaba ɗaya. Duk abin da ya tsaya wa ruwa a hanya sai ruwan ya matsu ya ƙara gudu ta gefensa da ƙasansa ya haƙa rami, abin da ya haƙo kuma ya je ya sauke a gaba. Ƙafarka ta yi rami kamar tafin hannu, gungume mai kaurin ganga zai yi gurbi da zai shanye mutum. Wato ba itacen ne ke gina wa kifi gida ba, ruwa ne maginin, itacen nuna masa inda zai haƙa kawai yake yi.

Ni na ga wannan da idona tun ina yaro. A bayan garinmu akwai wata giyayya da ambaliya ta kayar ta kwanta rabi a ruwa rabi a gaɓa, ƙarƙashinta gurbi ne mai duhu da sanyi wanda ko a watan huɗu da kogin ya koma yashi zalla shi baya ƙafewa. Mukan nutsa mu cusa hannu cikin kogon saiwar mu ji ƙurungu na gurnani, wani lokacin ya soke ka da ƙayarsa ka kwana hannu na zogi, ƙananan ƙarfasa kuwa kamar an watsa gero a tsakanin rassan, jikin itacen duk santsi da gansakuka suna ta tsattsaga. Wata shekara aka sare ta aka yi itacen girki. Damina biyu kacal gurbin ya cike da yashi, wurin da muke nutso ya zama inda ake shanya wanki. Har yau in na tuna raina baya min daɗi.

Abubuwa uku itacen nan yake ba kifi. Zurfi, wanda shine mafaka lokacin zafi da rani. Maɓoya, don ɗan kifi in bashi da inda zai shige tsuntsu ko tsage ko giwan ruwa su cinye shi. Sai abinci, tunda gansakuka da tsutsotsin ruwa basa iya zama kan yashin da ke tafiya kullum, sai sun samu abu mai tauri sun maƙale, kuma a kogin yashi irin namu itace ne kusan kaɗai abu mai tauri.

Abin da ka gani a bidiyon ba jefawa kawai ake yi a tafi ba, lissafi ne na injiniyoyi. A shekarun 1990 wasu masana na Jami'ar Washintan, Tim Abe da Debid Montgomeri, suka shiga kogin Kwits wanda ke cikin gandun dajin da ba a taɓa sarewa ba, suka yi ta nazarin dalilin da ya sa wani tarin itace ke zama daram shekaru aru-aru wani kuma ruwan farko ya tafi da shi. Suka gano sirrin yana ga babban gungume guda mai saiwa, wanda saiwar ke fuskantar inda ruwa ke zuwa ta kafe a ƙasa kamar anga, sauran tarkace su zo su taru a kansa. Daga nan aka fara kwaikwayo, na farko-farko a kogin Kawlis a tsakiyar shekarun 1990. Ana kafa turaku masu zurfi cikin ƙasan kogin, a jera gungume a giciye hawa-hawa, a danne da tsakuwa da duwatsu don kar ya taso, tunda itace in ruwa ya rufe shi tashi yake son yi. Jirgin sama kuwa ana amfani da shi ne inda babu hanyar mota, don kar katafila ta shiga ta lalata gaɓa.

Kar ka ce ai wannan na ƙasar sanyi ne. A Ostareliya akwai kogin Mare, kogi ne na fili mai ɗumi mai yashi da ya fi kama da namu, an kwashe masa itace tun zamanin jiragen tururi. Daga baya suka mayar da gungume sama da 4,000 a wani yanki mai tsawon kusan kilomita 110 ƙasa da madatsar Hum, suka bibiyi kifin shekara bakwai, babban kifinsu da suke ji da shi ya ninka kusan sau uku a wurin.

Maganar yaga taru kuwa babanka bai yi ƙarya ba, yana yagawa. Amma ka duba ta ɗaya gefen, wurin da taru baya shiga nan ne iyayen kifi ke tsira su hayayyafa. A bar hanyar kwalekwale a share, kututturen da ke lungu a ƙyale shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu ƙungiyar matasa ce a wani ƙauye a kudancin Bauci. Muna da rafi mai duwatsu da tsakuwa wanda da can ake kamun kifi har rani, yanzu ya baje ya yi faɗi, ruwan iya ƙauri, yashi ya cike guraben. Mun tara kuɗi muna so mu sayi siminti mu gina katanga mu tare shi don ruwa ya taru kifi ya dawo. Me ka gani? Daga sakataren ƙungiya.

AMSA: Malam sakatare Allah ya saka muku da alheri da wannan niyya, amma ina roƙonku kar ku sayi simintin nan tukuna. Katangar da ta tare rafi daga gaɓa zuwa gaɓa ruwa zata tara muku shekara ɗaya ko biyu, bayan nan yashi zata tara, don duk inda ruwa ya rage gudu nan yake sauke kayansa. Ta gabanta kuma ruwan da ke faɗowa zai yi ta ƙwaƙule gindinta har ta rufta, ko kuma ya ƙyale ta ya zaga ta gefe ya ci gonar wani, ku wayi gari katangarku na tsaye a busasshiyar ƙasa rafin ya koma can. Kuma ko ta tsaya, kifin da ke hawowa da ruwan farko don ya yi ƙwai ya zo ya tarar da bango.

Abin da ya kamata ku fara yi ba ya cin ko sisi. Ku ɗauki rana ɗaya ku bi rafin da ƙafa zuwa sama, ku tafi da dattijo guda da ya san shi tun da, ku nemo inda yashin ke fitowa. Zaku tarar ko dai noma ne aka kai har bakin ruwa, ko an sare itatuwan gaɓa, ko wani kwazazzabo ne ya ɓalle daga hanyar mota ko burtali, ko masu haƙar ma'adinai ne ke wanke ƙasa a sama. In ba a toshe wannan ba duk abin da kuka gina binne shi za a yi. Turawan ma sun sha wannan darasin da tsada. Tun shekarun 1930 suke gina irin waɗannan abubuwa a rafuka, dubbai, da yawa ba a ko koma an duba ba. A 1992 wasu masana biyu, Firisel da Nawa, suka fitar da sakamakon duba gine-gine 161 a rafuka 15 na Oregon da Washintan bayan wata ambaliya da ba ma ta kai ta tashin hankali ba, suka tarar a rafi na tsaka-tsaki kusan kashi 60 cikin ɗari sun lalace ko sun daina aikin da aka yi su dominsa, kuma lalacewar ta fi muni a rafukan da ke ɗauke da yashi da tsakuwa mai yawa saboda an ɓata ƙasar da ke samansu. Kun ga irin naku kenan.

In kun shawo kan wannan, to rafi mai dutse irin naku yana karɓar gyara sosai, kuma duwatsun wurin sun isa. Akwai wani ƙwararre a jihar Kolorado, Deb Rosgen, da ya shahara da wasu fasali guda biyu zuwa uku. Mafi sauƙi shine hannu guda na duwatsu da ke fitowa daga gaɓa. Inda mutane ke kuskure shine suna karkata shi ya bi ruwa, alhali sama ake nuna shi, wato bakinsa ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, ya rabu da gaɓa da kamar digiri 20 zuwa 30, kar ya tare fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin rafin, yana da tudu a jikin gaɓa yana gangarowa a hankali har bakinsa ya kusa shafewa da ƙasan rafi. Dalili kuwa, ruwa in ya haye kan jerin dutse juyawa yake yi ya sauka a giciye da jerin, to in jerin sama yake kallo sai ya tura ruwan tsakiya ya bar gaɓa ta huta, in ƙasa yake kallo gaɓar zai tura wa ruwan ya cinye ta. In aka lanƙwasa bakin hannun kamar ƙugiyar fatsa aka bar 'yan ƙofofi tsakanin duwatsun ƙarshe, sai ruwa ya riƙa murɗawa a wurin ya haƙa gurbi. In kuma aka yi hannu biyu, ɗaya daga kowace gaɓa suka haɗu a tsakiya kamar baka, tsakiyar ta fi ko'ina ƙasa, to gurbin a tsakiyar rafi zai fito kuma kifi na iya hayewa tunda ba bango ba ne.

Abu biyu kar ku yi wasa da su. Kowane dutsen da ido ke gani sai an binne wani a ƙarƙashinsa, ɗan gaba kaɗan ta inda ruwa ke faɗawa, zurfinsa ya wuce ramin da ruwan zai haƙa, in ba haka ba dutsen sama cikin ramin da ya haƙa da kansa zai gangara. Sannan gindin hannun a cusa shi cikin gaɓa sosai, mita biyu ko fiye, a dasa jema ko gamba da itace a kai. Kuma kar ku jera su kusa-kusa, rafi da kansa yana da tazarar da yake bari tsakanin gurbi da gurbi, galibi faɗinsa sau biyar zuwa bakwai. Rafi mai faɗin mita 6 kenan duk bayan mita 30 zuwa 40. Kejin waya da ake cikawa da duwatsu, wanda kuke gani a gindin gada, ni bana ba da shawararsa a tsakiyar ruwa, tsakuwa na goge wayar ta tsinke ta zama tarko ga ƙafar yara da dabbobi.

Akwai kuma wata hanya mai arha da nake so ƙwarai don ƙananan ƙoramu da suka zurma ƙasa. A Oregon akwai rafin Birij, wanda ya ƙwaƙule ya nutse cikin kwari, daga 2009 masana suka riƙa kafa turaku a jere suna saƙa rassa a tsakani kamar yadda muke saƙa zana ko dangan kara, suna kwaikwayon wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton gyazbi wadda ke gina madatsa da itace. Abin yana yoyo da gangan, ruwa na wucewa kifi na wucewa, laka na taruwa ƙasan rafin na tasowa a hankali, kuma ƙananan kifin suka ƙaru sosai. In ambaliya ta tafi da shi asarar turaku ce da yinin aiki, a sake kafawa.

Sai dai ku sani mu muna da abin da su basu da shi. Ruwan da ya kwanta shine gidan dodon koɗin da ke kawo tsargiya, ruwa mai gudu kan duwatsu kuma nan ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi ke hayayyafa, kuma yankinku ya san wannan cutar. Ku sa ma'aikacin lafiya cikin shawarar. Ku sanar da mai gari da masu gonakin gaɓa biyu, ku nemi injiniyan ƙaramar hukuma ya zo ya gani, musamman in akwai gada ko kwalbati a ƙasa da ku. Ku fara da guda biyu kawai a wannan ranin.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni sana'ata bandar kifi a Gashuwa shekara ashirin da wani abu. Da kwali nake cikawa da manyan tarwaɗa da bargi, yanzu abin da ake kawo min wani ko yatsa uku bai kai ba. Ɗana ya karanta min cewa ana gina wa kifi gida a ruwa. In aka yi mana irin wannan a kogin Yobe kifi zai dawo? Daga wata uwa, Gashuwa.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sa albarka a sana'a. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba ita kike son ji ba, gungume da dutse ba zasu dawo miki da bargi ba. Ciwon koginku daban ne.

Kifinmu na fadama da ambaliya yake rayuwa. In ruwa ya cika ya malala cikin ciyawa, nan tarwaɗa ke bi ta zuba ƙwai, nan bargi ke share fili cikin ciyawa ya yi sheƙarsa mai faɗin kusan mita guda, yauni ma sheƙar ciyawa yake yi mai yawo a kan ruwa, 'ya'yan su samu wata biyu zuwa uku suna ci suna girma a ruwa marar zurfi kafin ya janye. Shi ya sa tsofaffin masunta ke cewa shekarar da ruwa ya yi yawa, kifin baɗi ne zai yi yawa, kuma masana sun auna sun tarar haka ne a kogunan Afirka da dama. To tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga fari da aka sha a shekarun 1970 da 1980, malalar da ke rufe fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta ragu ƙwarai, daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a da, ta koma ƙasa da rabin haka a shekaru da yawa. Sannan ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara ba ɗaukewa ya ba kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse dindindin wani wuri ya bushe. Abin da zai taimaki kifinku shine a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun nan a lokacin damina yadda zai yi kama da ambaliyar asali, a kuma buɗe hanyoyin da kacalla ta cinye. Wannan magana ce ta hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin jihohin da kogin ya ratsa, kuma ƙungiyoyinku na masu su da masu banda suna da bakin faɗa a ciki.

Ɗaya rabin kuma a hannun masunta yake. Kifi mai yatsa uku da ake kawo miki ba ƙaramin iri ba ne, jariri ne, raga mai ƙananan ido da gidan sauro da dumba da ake tare hanya da ita ruf su suka kamo shi kafin ya yi ƙwai ko sau ɗaya. Masu zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, a gurbi kuwa wallahi zalunci ne, ga kifin ga mai cinsa.

Inda gini zai yi amfani a wajenku shine guraben rani, inda kifin da ya tsira ke taruwa daga watan biyu zuwa na biyar. A Jamhuriyar Benin, tafkin Nokuwe kusa da Kwatano da kogin Weme, masunta sun daɗe suna abin da suke kira akaja, suna kafa rassan itace da yawa a ruwa marar zurfi su bar shi watanni, gansakuka ta fito a jiki, ƙarfasa ta shige ta ci ta hayayyafa, ba mai iya jefa birgi a ciki. Abin da ake samu a hekta guda ya ninka na buɗaɗɗen ruwa sau da yawa. Yana da nasa matsalolin, yana cin itace sosai, yana tara laka, kuma ana rigima kan wa ke da wane wuri, don haka a Yobe inda itace ke da tsada ba za a yi shi barkatai ba. Amma a ce kowane gari ya ware gurbi ɗaya, a zuba masa rassan ƙaya daga sassabe, Sarkin Ruwa ya sa doka ba mai taɓa shi sai ruwa ya dawo, wannan mai yiwuwa ne. Ba baƙon abu ba ne ma a wurinmu, Matan Fada na Argungu hana su ake yi a cikinsa sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Bikin a sigarsa ta yanzu tun 1934 ake yinsa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan kwangila ne ƙarami, kwalbatoci nake yi a hanyoyin karkara. Wani ya ce min kwalbati na kashe kifi, na ce ta yaya rami zai kashe kifi? Ka raba mana gardama. Daga Kontagora.

AMSA: Alhaji abokin gardamarka ya fi ka gaskiya, amma gyaran a hannunka yake kuma ba tsada. Ka je ka duba wani kwalbatin da ka yi shekara biyar da suka wuce, ta bakin da ruwa ke fita. In ya fi rafin ƙunci, ruwa na fitowa da ƙarfi kamar daga bakin tiyo, ya haƙe ƙasa, yanzu zaka ga bakin a rataye, ruwa na zubowa daga tsayin gwiwa ko ƙugu. Samon na iya tsalle, yawancin kifinmu basa yi. Tarwaɗa na iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa amma ba zata hau siminti a tsaye ba. Ko ta shiga, cikin kwalbatin sumul yake ba inda zata huta, ruwan ko dai ya yi gudu da yawa ko ya baje iya kaurin yatsa. Da ruwan farko ka je wurin da dare zaka tarar da su cunkus a gindin, yara na kwasa da kwando, duk masu ƙwai ne, kuma duk fadamar da ke sama ta rasa irin shekarar.

A jihar Washintan ƙabilun asalin ƙasar sun kai gwamnatin jiha kotu kan wannan maganar, a 2013 alƙali ya ce a gyara ɗaruruwan kwalbatoci, a 2018 hukuncin ya tabbata a kotun ƙoli, yanzu biliyoyin dala ake kashewa ana fasa abin da da an yi shi daidai tun farko da ba a kashe ba. Nan kusa da mu ma, madatsar Markala a kan kogin Neja a Mali wadda aka gama a 1947 an yi mata matakalar kifi, amma ta yi ƙanƙanta ga yawan kifin da ke hawowa, suna taruwa a gindinta.

Ƙa'idar da suke bi yanzu mai sauƙi ce. Faɗin kwalbatin ya ɗan fi faɗin rafin a cikarsa ta kullum, kar a matse shi. A binne gindinsa ƙasa da ƙasan rafin, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsayinsa, a bar yashi da tsakuwa da 'yan duwatsu su kwanta a ciki yadda kifin zai ji kamar bai bar rafi ba. Gangarensa ya bi gangaren rafin. Mai kusurwa huɗu guda ɗaya babba ya fi ƙananan zobba uku a jere, kuma shi ne ma baya toshewa da kara da leda, kaga hanyarka ma ta tsira daga ɓallewa. Waɗanda ka riga ka gina kuma suka rataye, a jera manyan duwatsu a ƙasa da bakin, hawa biyu ko uku, kowane hawa kar ya wuce tsayin taƙi ɗaya, har ruwan gurbin ƙarshe ya taso ya shafi bakin kwalbatin. A yi aikin a watan uku ko na huɗu kafin ruwa ya sauka, in damina ta wuce ka koma da sanda ka auna ka turo mana hoto.